Kujerar Alƙali Ledford

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 7:10 na safe

Odell ne ya ce in sami littafi in riƙa rubuta komai: wa ya kira, ƙarfe nawa, me ya ce. Shekara ashirin da biyu muna ofishin lauya ɗaya da shi, bai taɓa ba ni shawarar banza ba. To ga shi na fara.

Ga yadda maganar take. Alƙali Ledford zai sauka ƙarshen shekara. Kujerun alƙalan tarayya biyar Majalisa ta yanka wa gundumarmu. Huɗu suna birni, ɗaya tak ke nan Cutler Gap, wato tasa. Kwamitin da sanatocinmu biyu suka kafa ya zauna da mu goma sha huɗu, ya fitar da suna uku, babban sanata ya ɗauki nawa ya tura fadar shugaban ƙasa. Ba a sanar ba tukuna. Sai masu binciken tarayya sun gama tona rayuwata, sannan shugaban ƙasa ya ambaci sunana, sannan Majalisar Dattawa ta kira ni ta jefa ƙuri'a. In aka wuce nan, kujera ta zama tawa har ranar da na mutu ko na gaji.

Mutumin sanata ya ce, "Marlene, ki ja bakinki ki yi shiru na wata ɗaya." Na ja. Amma jiya a coci wata tsohuwa ta riƙe min hannu ta ce, "Ina kwana, Mai Shari'a," tana kashe min ido. Garin nan ba a ɓoye komai.

Kusan komai.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 4:30 na yamma

Awa uku da jami'in bincike. Sunansa Dombrowski. Dogo ne, mai sanyin magana, bai taɓa kofin da na zuba masa ba. Ya bi gidajen da na zauna tun ina shekara goma sha takwas, da ƙungiyoyin da na shiga, da duk abin da na taɓa rubutawa a jarida.

Ya tambaya ko ɗan sanda ya taɓa tsare ni, ko da ba a kai ni ofis ba. Na ce a'a.

Ya tambaya ko akwai wani abu a rayuwata wanda in ya fito zai kunyata sanata ko shugaban ƙasa. Na yi dariya na ce ina sakandare na taɓa rina gashina kore. Ya rubuta. Har wannan sai da ya rubuta. Sannan ya ɗago ya ce, "Ban da shi fa?" Na ce babu.

A takarda gaskiya na faɗa. Duk ƙasar nan babu wata takarda da ta ce ba haka ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 6:00 na yamma

Sun je wajen maƙwabta, sun je wajen fasto, sun je garejin mijina Garland. Ya dawo gida yana ta washe baki, wai yau ya yi awa guda yana yabon matarsa kuma gwamnati na rubutawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3:20 na yamma

Abincin rana a gidan Yaya Twila. Wake da burodin masara, da kek ɗinta na tuffa mai hawa shida. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"A tashi tsaye, ga Mai Shari'a nan! Garland, cire hula, ai yanzu kai talakanta ne."

Garland ya ce, "Yaya, ni ai tun ranar ɗaurin aure take yanke min hukunci, babu ɗaukaka ƙara."

"Ni dai ina gaya miki," in ji ta, "ranar rantsuwa layin gaba zan zauna. Ni na goye ki, ni na share miki majina. In wani sanata ya tare min gaba zan ce ya matsa."

Na yi dariya har da hawaye. Hoton mijinta Coy, Allah ya jiƙansa, yana nan a kan talabijin, sanye da kakinsa na ɗan sanda. Na zauna a kujerar da ta ba shi baya.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 11:45 na safe

Dombrowski ya kira. Ya ce akwai ɗan gibi da yake so ya cike. Shekara tara da suka wuce, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, mako shida ba na gari.

Na ce goggona ce ba ta da lafiya, na je jinya.

Ina jin ƙarar takarda.

Ya ce, "To. Ranar bakwai ga Nuwamba zan miƙa rahotona. In kin tuna wani abu kafin nan, kina da lambata, Misis Sizemore."

In na tuna.

Na rufe ofis na shiga bayan gida na buɗe famfo na tsaya ina kallon ruwa.

Talata, ƙarfe 7:15 na yamma

Mutum huɗu ne suka san wancan lokacin. Coy ya mutu. Garland mijina ne, ba ya cikin lissafi. Saura biyu.

Na gaya wa Garland a kan abinci. Na ce wani ya kai musu labarina. Ya ajiye cokali ya ce, "Me kika ce musu ke?" Na ce me zan ce, goggo. Ya dube ni, ya dubi kwanonsa, ya tashi wai ya manta bai kulle gareji ba. Abin ya buge shi shi ma, bawan Allah.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 8:05 na safe

Wata farar mota a tsallaken titi tun ƙarfe bakwai. Lambar birni.

Alhamis, ƙarfe 9:00 na safe

Ta tafi. Mai karanta mitar wuta ne, in ji maƙwabciya. Ita kuma wa ya gaya mata ina kallon motar?

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 2:00 na rana

Na hau benen kotu wajen Alƙali Ledford. Shekararsa saba'in da tara, kunne ɗaya ya tafi, amma ido na nan. A gabansa na yi shari'ata ta farko.

Ya miƙo min wata takarda da Kessler, babbar alƙaliyar gunduma, ta raba wa alƙalai. Ƙididdiga ce. Kowane alƙalin birni yana ɗauke da ƙararraki ninki uku na namu nan. Tun da aka rufe ramukan kwal mutane ke ta barin duwatsun nan.

Ya ce, "Kin gani ko? Doka ta ce biyar, ba ta ce ga inda za su zauna ba. In aka naɗa ɗan birni, gidansa can, 'ya'yansa can suke makaranta, kina ganin zai tattaro ya zo ya zauna da mu? Za a ce ya riƙa leƙowa sau ɗaya a wata. Bayan shekara biyu a ce rufi na yoyo. Shi ke nan, an kulle."

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

"Ba ki sani ba sai kin gani. Yankuna goma sha ɗaya. Tsohon mai haƙar kwal, huhu ya lalace, da tulun iskar numfashinsa a bayan mota, ya yi awa uku a kan hanyar dutse don kawai a ce masa a dawo wata mai zuwa. Na ƙi sauka shekara huɗu ina jiran wanda zai zauna a nan. Ke nake jira, 'yata."

Sai ya karkato da kunnensa mai ji. "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce babu, ranka ya daɗe.

Sau uku ke nan cikin kwana goma.

A hanyar gida na yi ta juya abin. Wa zai ci riba in na faɗi? Na biyu a cikin sunaye ukun Preston Ault ne, lauyan manyan kamfanoni a birni. In shi ne, Kessler ta sami alƙali na biyar a ƙofarta ba tare da ta roƙi kowa ba. Amma su ba su san komai ba. Sai in an kai musu.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 5:40 na yamma

Na wuce ta gaban shagon giyar da ke kwanar gada. Ban tsaya ba. Shekara tara da wata uku. Na rubuta ne kawai don in ga lambar da idona.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 12:30 na rana

Odell ya fita cin abinci, na shiga ofishinsa neman wani fayil. Fayil ɗin nake nema. Kalandarsa ce a buɗe a kan tebur.

Juma'a, 10 ga wata: "P. Ault, abincin rana, birni."

Kwana biyu bayan zuwan Dombrowski. Kwana huɗu kafin ya sake kirana.

Ya dawo da ƙunshin kaza ya ajiye min rabi kamar kullum, yana cewa, "Ci, kin fara kama da sandar shara." Na ce na ƙoshi.

Shi ya ce in riƙa rubuta komai. Me ya sa ya ce haka? Me ya hango?

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 6:50 na safe

Garland ba ya cin abinci. Ya ce cikinsa ne. Damuwata ce ta kama shi.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:10 na yamma

Na tambayi Odell. Na jira sakatariya ta tafi, na rufe ƙofa.

Na ce, "Yaya Preston Ault yake?"

Ya ce, "Ƙalau, sai tumbi. Me ya faru?"

"Ba ka gaya min kun ci abinci ba."

"Shari'ar kamfanin katako ce, Marlene. Shi ke kare su, ni ke ƙararsu. Wata takwas muna ciki, a teburinki aka tsara takardun." Sai ya tsaya. Ya cire tabarau. "Dakata. A ina kika ga mun ci abinci?"

Na ce, "Me ka gaya wa Dombrowski a kan Yuli da Agusta?"

"Ya tambaye ni, ranar Laraba da ta wuce. Na ce abin da ya shafi rayuwarki ke za a tambaya, ba ni ba."

"Ai wannan ma amsa ce."

"To me kike so in ce? In yi wa jami'in tarayya ƙarya? Na riga na yi miki wannan sau ɗaya, a gaban alƙalai uku, na riƙe shari'o'inki goma sha bakwai ina ta labarin wata goggo da ban taɓa gani ba. Ban taɓa tuna miki ba. Yau kuma kin shiga kina bincike min tebur."

Na ce in Ault ya hau, ai ba zai manta da wanda ya taimake shi ba.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Odell ya mayar da tabaransa, ya ɗauki rigarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Gobe daga gida zan yi aiki. Jibi ma."

Ya yi fushi sosai. Mai gaskiya haka yake fushi. Marar gaskiya mai wayo ma haka yake.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe

Ofis shiru. Mutumin sanata bai kira ba kwana tara. Da kullum ne.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 4:15 na yamma

In ba Odell ba ne, to saura mutum ɗaya.

Twila ba muguwa ba ce. Baki ne da ita. Tana zuwa wajen gyaran gashi duk Alhamis, matar da ke wajen kuma surukarta tana aiki a kotun birni. A da can ma Twila ta taɓa cewa komai ni ake ba, ita aka cire daga makaranta ta kula da Mama, ni aka tura jami'a. Cikin wasa ta faɗa. Sau nawa ta faɗa cikin wasa?

Na gaya wa Garland gobe zan yi mata magana. Ya ce, "Mar, don Allah kar ki je." Na ce me ya sa? Ya ce yayarki ce. Kullum shi mai son a zauna lafiya.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 2:40 na rana

Na je ni kaɗai. Tana yanka albasa.

Ban yi kwana-kwana ba. Na ce wani ya ba masu bincike labarin wancan lokacin, ina so in san wa ta gaya wa, ko da da kuskure ne.

Ta ci gaba da yanka. Ta ce, "Maimaita."

Na maimaita.

Ta ajiye wuƙa. "Coy ya shiga kabari da maganar nan a cikinsa. Ya kusa rasa kakinsa saboda ke. Shekara shida yana kwana yana tashi da ita, yana cewa Twila, da akwai yaro a wajen fa? Ni na tuɓe miki kaya ranar, ni na wanke miki jini a goshi, ni na tuƙa ki awa huɗu zuwa gidan nan na bakin tafki kina zagina tun daga nan har can. Ko 'ya'yan cikina ba su sani ba. Shi ne yau za ki shigo min kicin da muryar kotu?"

Na ce, "Yaya, tambaya kawai na yi."

"A'a. Kin gama yanke hukunci tun a mota. Na san fuskar nan." Ta goge hannu a zani ta buɗe min ƙofar baya. "Fita, Marlene. Allah ya ba ki kujerar. Ki zauna a kai ke kaɗai."

Ba ta yi kuka ba. In da gaskiya gare ta ai da ta yi kuka.

Ko kuwa da ba ta yi ba. Ban sani ba kuma.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na safe

Babu wanda ya kira.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na yamma

Na tsaya a gaban shagon kwanar gada. Na kashe mota. Minti ashirin. Mai shagon ya leƙo ya ɗaga min hannu, ya ce, "Mai Shari'a!" Na tayar da mota.

Shekara tara da wata uku da rabi.

Na buɗe ɗakin 'yarmu Lacey na zauna a bakin gado har Garland ya dawo. Da yanzu shekararta ashirin da shida.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 11:30 na safe

Ba mu je coci ba.

Na gama shiri ina neman makulli, sai na ga Garland a kujerar baranda da rigarsa ta coci, hula a gwiwa. Ya rame. Yau na lura da yadda wuyan rigar ya yi masa yawa.

Ya ce, "Mar, zauna."

Na ce za mu makara.

"Ba Odell ba ne. Ba Twila ba ce."

Na zauna.

Ya ce, "Ranar da mutumin nan ya zo gareji, ya ce in ba shi labarin matata. Na ce in mai ƙarfin hali suke nema, sun samu. Ya ce kamar yaya? Sai na ba shi. Na ba shi labarin Lacey. Na ba shi labarin motar, da Coy, da gidan bakin tafki. Na ce masa shekara tara ko ɗigo ba ta sha ba, kuma ta koma ta tsaya da ƙafarta, babu lauyan da ya kai ta a duwatsun nan. Alfahari nake yi, Mar. Na ɗauka kin riga kin gaya musu. Ko kusa ban kawo a raina cewa ba za ki faɗa ba."

Tsuntsaye na ta kuka a bishiyar gaban gida. Motar maƙwabta ta wuce, suka yi mana hon.

Na ce, "Kwana goma sha tara."

"Na sani."

"Kana zaune kana kallona na ci mutuncin Odell. Kana kallona na tafi gidan Twila."

"Na ce kar ki je."

"Ka ce yayata ce! Abin da ka ce ke nan!"

Ya yi ta murza bakin hular. Ya ce, "Tsoro na ji. Mun riga mun rasa ɗaya a gidan nan, na ce in kika sani za ki tafi, ko ki koma wa abin. Kullum da safe sai in ce yau za ta tambaye ni, in huta. Kowa kika tambaya ban da ni."

Na faɗa masa maganganu. Ba zan rubuta su ba.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 6:30 na safe

Ya kwana a gareji. Ni na ce.

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tun da duk littafin nan kewaye shi nake yi.

Wata biyar bayan mun binne Lacey, ranar wata Talata da rana tsaka, na sha giya na bugu na hau mota. Ba ranar na fara ba. Na kauce hanya na faɗa rami, taku goma daga filin da yaran unguwa ke wasan ƙwallo. Ranar babu kowa a filin, saboda an yi ruwa. Coy ne ya fara isowa. Ya sa ni a motarsa ya kai ni gidansa, bai rubuta komai ba. Na yi mako shida a gidan masu barin sha na bakin tafki. Ba ni da goggo.

Da wani ne ya zo gabana da wannan, na san hukuncin da doka ta tanada. Ni ban taɓa karɓar nawa ba.

Shi ke nan. Bai kai rabin shafi ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 10:05 na safe

Na kira Dombrowski na faɗa masa duka, har da cewa amsoshina na ranar takwas da na ranar sha huɗu ba gaskiya ba ne. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce zai rubuta cewa ni na kira da kaina kafin ya rufe rahoto.

Na ce, "Da na faɗa tun ranar farko fa?"

Ya ce, "Ba ni ke yankewa ba, Misis Sizemore. Ni dai da layi biyu ne a rahotona. Yanzu shafi ne."

Daga nan na hau benen kotu. Alƙali Ledford ya ji ni har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya kujerarsa ya fuskanci taga ya ce, "Na tambaye ki, 'yata." Na ce ka tambaye ni, ranka ya daɗe.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 3:50 na yamma

Mutumin sanata ya kira. Sanata yana girmama ni ƙwarai. Sanata yana ganin lokacin bai dace ba. In na rubuta cewa na janye saboda dalilan iyali, babu wanda zai ji komai.

Na ce, "Abin da na yi ne, ko ɓoyewar?"

Ya ce, "Marlene, ni saƙo aka ba ni."

Na rubuta. Layi uku.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 8:00 na safe

Na kai wa Garland kofi gareji. Yana ƙarƙashin wata tarakta. Na ajiye a kan benci na ce sanyi ya yi yawa a nan, ya dawo ciki. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito fuskarsa a jiƙe, ya ce mai ne ya ɗigo masa a ido.

Ban gama fushi ba. Amma a cikin mu duka shi kaɗai ne bai ga abin kunya a labarin ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, ƙarfe 12:10 na rana

Sunan Ault ya tafi fadar shugaban ƙasa. Kwana huɗu kacal. Ni sai da aka yi mako biyar kafin a tura nawa.

Magatakardar kotu ta raɗa min cewa tun watan Agusta aka fara fentin wani ofishin alƙali a birni, wanda babu kowa a ciki. Agusta. Lokacin ko zama da kwamiti ban yi ba. Wataƙila fenti ne kawai. Wataƙila tun farko an sa sunana ne don mutanen duwatsu su ga an gwada. Wataƙila kuma da kujerar tawa ce, ni na zubar da ita da bakina. Ba na jin zan taɓa sani.

Ault ya kira ni da kansa, da ladabinsa. Ya ce in ya hau zai riƙa zama a Cutler Gap mako ɗaya duk wata, alkawari ne. Na ce na gode, zan riƙe shi da wannan magana a gaban mutane. Ya yi dariya. Ban yi ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 9:30 na safe

Odell ya dawo ofis. Na shiga na tsaya a gaban teburinsa na ba shi haƙuri, ban kawo wani dalili ba. Ya ce ya ji. Ya ce, "Za mu yi aiki. Sauran kuma sai a hankali." Da zai fita ya kulle ofishinsa da makulli. Shekara ashirin da biyu ban san ƙofar na da makulli ba.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 4:45 na yamma

Sau uku na kira Twila cikin makon nan ba ta ɗauka ba. Yau bayan coci na je. Garland ya tsaya a mota.

Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe ƙofar ciki, ta bar ta raga a rufe, ta tsaya ta naɗe hannu.

Na ce, "Yaya, ba ke ba ce."

"Au, kotu ta wanke ni? Na gode wa Allah."

Na gaya mata duka, a tsaye a kan matakala, har da janyewar. Na ce ni na yi ƙarya, sannan na bi mutanen da suka rufa min asiri ina tuhumarsu ɗaya bayan ɗaya. Na ce abin da na faɗa mata a kicin ba shi da magani, na sani.

Ta leƙa ta bayan kafaɗata ta hango mota. "Wancan mai dogon bakin ne ashe." Ta ɗaga murya. "Garland! Mako uku kana ji ana zagina ka yi lamo? Fito nan, munafuki!" Ya fito da hula a hannu, yana tafiya kamar mai zuwa wajen likitan haƙori.

Sai ta dawo kaina. Ta dube ni sama da ƙasa, ta daɗe. Muryarta ta sauka.

"Kin sha?"

Na ce a'a.

"Dube ni."

Na dube ta. Na ce, "Ban sha ba, Yaya."

Ta zare sakatar ƙofar raga, ta juya ta nufi kicin ba ta jira mu ba.

"Ku cire takalma, yanzu na goge ƙasa. Kuma kar wanda ya ɗauka na yafe. Wake ne ya yi min yawa."